FILIN SANA'A: Kafasita Ta Kumbura, Wacce Za A Sa A Madadinta?

Duk wanda ya taɓa kai rediyo, ko akwatin talabijin, ko inbatar hasken rana wurin mai gyara, da wuya a ce bai ji an gaya masa cewa kafasita ce ta kumbura ba. Sai a nuna masa wani ɗan gwangwani mai ƙafa biyu, kansa ya tasa kamar gwangwanin madarar da ta lalace. A cire shi, a sa sabo, kuɗin bai taka kara ya karya ba, akwati ya tashi, kowa ya watse da murna. Bayan wata biyar ko shida sai ga mai akwati ya komo da kayansa, da ciwon nan dai na farko. Daga nan zargi ya shiga tsakani, mai kaya yana cewa an cuce shi, mai gyara yana rantsuwa sabuwa ful ya sa, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin masu gyara lamba biyu kaɗai suke dubawa a jikin gwangwanin, watau yawan wutar da yake iya tarawa, da ƙarfin wutar da yake iya jurewa. In tsohuwar ta ce 1000µF 16V, sai a nemo wadda ita ma ta ce 1000µF 16V, shi ke nan. Alhali kuwa kama da wane ba ta wane. Kamfani guda ɗaya yakan ƙera kafasita iri fiye da goma masu wannan lamba, ko wacce da aikin da aka yi ta dominsa, kuma bambancinsu yana rubuce ne a takardar bayani da kamfanin ke bugawa, wadda masu sana'a ke kira detashit. Takardar nan kyauta ce, duk mai wayar hannu yana iya samun ta a intanet. Ba ta cika wuce shafi biyu ko uku ba.

Kafin a shiga takardar, ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin gwangwanin. Kafasita mai ruwa, wadda tsofaffin masu gyara ke kira kwandansa, falle biyu ne na alminiyam, sirara ƙwarai, aka sa takarda a tsakaninsu, aka naɗe kamar tabarma, aka jiƙa da wani ruwan sinadari, sa'an nan aka zura a gwangwani aka toshe bakin da roba. Wani Bapolanɗe, Karol Pollak, shi ya yi rajistar asalin wannan dabara a 1896, Samuel Ruben na Amurka kuma ya kawo mai takarda jiƙaƙƙiya a 1925. Wannan ruwa shi ne ranta. Kullum yana tsiyayewa kaɗan kaɗan ta jikin robar, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ran da ya ƙafe, kafasita ta mutu. Saboda haka ita ce kusan kaɗai a cikin kayan da ke kan allon na'ura wadda tun ranar ƙera ta aka san kwanakinta ƙidayayyu ne.

SUNAN DANGI

Abu na farko da gwani ke nema a jikin tsohuwar kafasita shi ne sunan kamfani, da wasu haruffa biyu ko uku da ke kusa da shi. Waɗannan haruffa su ne sunan danginta. Panasonic na da FC, da FM, da FR. Nichicon na da VR, da VZ, da PW, da HE. Rubycon na da YXF, da ZL, da ZLH. Nippon Chemi-Con na da SMG, da KMG, da KY, da KZE. Ko wane dangi da takardarsa. VR da SMG, alal misali, na aikin yau da kullum ne, FR da HE da ZLH da KY kuwa an yi su ne musamman don sashen wuta na na'urorin zamani. Da sunan kamfani da na dangi ake nemo takardar tsohuwar, a ajiye ta gefe da ta sabuwar, a bi su layi layi. Wanda ya jefar da tsohuwar tun bai karanta jikinta ba ya jefar da rabin amsar.

Lambar farko, mai alamar µF, watau maikirofarad, ba ta da wata wahala. Takarda za ta nuna cewa an yarda da ragi ko ƙari na kashi 20 cikin 100, shi ne ma'anar harafin M da akan gani a jikin gwangwani. Ke nan mai 1000 tana iya zama 800, tana iya zama 1200, kuma lafiyarta ƙalau. A wurin tace wuta, in ba a sami daidai ba, ƙarin mataki ɗaya ba ya cutarwa. Amma al'adar nan ta ninka lamba biyu ko uku wai don a ƙara wa akwati ƙarfi, ba ta da amfani. Babbar kafasita, a lokacin da aka kunna, takan zuƙi wuta da yawa gaba ɗaya, dayod da fis su ne ke shan wahalar. Inda kuwa kafasita ke ƙayyade lokaci, ko take cikin hanyar sauti, ba a canja lambarta sam.

Lamba ta biyu, mai alamar V, iyaka ce. Ana ƙera su hawa hawa: 6.3, 10, 16, 25, 35, 50, 63, 100, har zuwa 400 da 450. A kan hau sama, ba a sauka ƙasa. Mai 25 tana zama a gurbin mai 16 lafiya lau, in dai wuri ya ɗauke ta. Akwai wani lissafi a nan da ya shafi kowa a ƙasar nan. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce bisa ƙa'ida, amma in ta bi ta dayod aka miƙe ta, abin da ke zaunawa a kan babbar kafasitar farko ya kai ninki 1.414 na wannan, watau bolt 325. In janareta ya yi tsalle ya kai 260, kafasita tana ɗauke da 368. In ya kai 280, tana ɗauke da 396, saura ƙiris ke nan a taɓa iyakar mai 400. Shi ya sa mai 450 ta fi kwanciyar rai a wannan gurbi. Wasu takardu kan nuna wata lamba ta biyu da ta ɗara ta jikin gwangwani, kamar 20 ga mai 16. Wannan ta ɗan tsalle ce na 'yan sakan, ba wadda za a zauna a kanta ba.

ZAFI DA KWANA

Nan ne takarda ke fara faɗin abin da gwangwani ya ɓoye. A jikin kafasita akan ga 85°C ko 105°C. Mutane da dama sun ɗauka ma'anarsa ita ce, in zafi bai kai haka ba, babu abin da zai same ta. Ba haka ba ne. Dole a haɗa wannan lamba da wata da ke cikin takarda, a layin juriya, inda za a ga awa 1,000, ko 2,000, ko 5,000, ko 10,000. Abin da kamfani ke cewa shi ne: in aka ajiye ta a wannan zafi, tana ɗauke da cikakkiyar wutarta, har tsawon waɗannan awoyi, ba za ta sauka daga lambarta da fiye da kashi 20 ko 25 cikin 100 ba. Awa 2,000 kuwa kwana 83 ne kacal.

To, yaya rediyo ke shekara goma yana aiki? Dalili shi ne, akwai wata ƙa'ida da kamfanonin ke aiki da ita: duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 10, kwanan kafasita ya ninka. Mai karatu ya ɗauki biyu, dukansu masu awa 2,000, ɗaya mai 85, ɗaya mai 105, ya sa su a wurin da zafinsa yake digiri 65. Mai 85 ta sauko da digiri 20, ta ninka sau biyu, ta sami awa 8,000, watau kamar wata goma sha ɗaya in ba a kashe na'urar. Mai 105 ta sauko da digiri 40, ta ninka sau huɗu, ta sami awa 32,000, shekara uku da wata takwas ke nan. In awa takwas ake kunna akwatin a rana, ta farko ba za ta cika shekara uku ba, ta biyu kuwa za ta kai goma sha ɗaya. A ido girmansu ɗaya, a kasuwa kuɗinsu ba shi da nisa da juna.

Kada a ce digiri 65 ya yi yawa. A Sakkwato da Maiduguri, watan Afrilu, zafin inuwa kansa yakan wuce 40. A ɗora zafin rufin kwano, a ɗora na cikin akwati wanda ƙurar hunturu ta toshe ƙofofin iskarsa, sa'an nan a duba inda kafasitar take, galibi manne da taransifoma ko ƙarfen sanyaya. In wurin ya kai 75, mai 85 ɗin nan awa 4,000 gare ta, wata biyar da rabi ga inbatar da ba ta hutawa. Injiniyan da ya zana na'urar yana iya yiwuwa ɗakin digiri 25 ya sa a ransa. Saboda haka mai gyara a ƙasar zafi ba ya laifi in ya sa wadda ta fi ta asali juriya. Wannan lissafi dai yana da iyaka: ko da ya ba da shekara talatin, manyan kamfanonin Japan ba sa lamunce fiye da shekara 15, domin robar bakin ita ma tana tsufa.

WUTAR SHIGA DA FITA

Layi mafi muhimmanci a takardar, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne mai alamar mA rms. Aikin kafasitar tacewa kamar na randa ne wadda ake zuba wa ruwa guga guga, ana kuma ɗiba ta famfo ba tsayawa. Wuta na shiga da ƙarfi, tana fita a hankali, ba hutu. Wannan shiga da fita masu sana'a ke kira rifil. A tsohon rediyo mai babbar taransifoma, sau 100 ake yin haka a sakan ɗaya. A sashen wuta na talabijin na zamani, da caja, da kwamfuta, da dikoda, ana yin sa sau dubu hamsin, sau dubu ɗari, har fiye, a sakan ɗaya.

Kafasita kuwa tana da 'yar turjiya a cikinta, wadda ake rubutawa ESR, ake auna ta da om. Duk wutar da ta ratsa wannan turjiya zafi take zama, kuma a tsakiyar naɗin, inda iska ba ta kaiwa. Lissafin shi ne a ninka wutar da kanta, a ninka da turjiyar. Amfiya 1.5 a kan om 0.03 ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wat ba. Ita dai wannan wuta a kan om 0.15 ta haura sulusin wat, zafi ninki biyar, a cikin gwangwanin da bai fi kan ɗan yatsa ba. Abin da ya fi muni, zafin yana ƙafar da ruwa, ƙafewar ruwa tana ƙara turjiya, turjiya tana ƙara zafi. Haka za a yi ta zagayawa har iska ta taru a ciki, kai ya kumbura.

In aka ajiye takardu biyu gefe da gefe a kan 1000µF 16V, za a ga ta aikin yau da kullum ba ta kai amfiya ɗaya ba, mai ƙaramar turjiya kuwa tana kusan amfiya biyu, turjiyarta wajen om 0.02 zuwa 0.03. Hanya mai sauƙi ta rarrabe su ita ce a duba kan jadawalin. In an rubuta 100kHz, kuma akwai layi mai alamar Ω, to dangin na sashen wutar zamani ne. In 120Hz kaɗai aka rubuta, babu layin Ω, sai wani mai alamar tan δ, to na yau da kullum ne, kuma shirun da kamfanin ya yi a kan turjiyar shi ma magana ce. Yawancin akwatunan da ke komowa wurin mai gyara bayan 'yan watanni, irin wannan aka sa musu a bayan ƙaramar taransifoma, inda wuta ke fita.

Ba a kwatanta lambar 120Hz da ta 100kHz kai tsaye. A ƙarƙashin babban jadawalin akwai wani ƙarami da ke nuna abin da za a ninka da shi. In ya ce 0.75 a 120Hz, to wadda aka rubuta wa 1,800mA, 1,350 take ɗauka a wannan gudu. Ƙa'idar zaɓi dai ita ce, rifil ɗin sabuwar ya kai na tsohuwar ko ya fi, turjiyarta kuma ta yi daidai ko ta ɗan gaza. An ce "ɗan" da gangan. Akwai tsofaffin na'urorin daidaita wuta da aka zana su bisa wata turjiya, in ta yi ƙasa fiye da kima sai wutarsu ta riƙa rawa, wani lokaci har a ji tsiwa. Saboda haka kafasitar folima, mai busasshen sinadari, wadda turjiyarta ta fi duka ƙanƙanta, ba ko'ina ake cusa ta ba.

Ya kamata a ƙara da cewa ba kowace matacciya ke kumbura ba. Akwai 'yar ƙarama, mai 22 ko 47µF, galibi 50V, kusa da abin da ke tada sashen wuta. Takan bushe shiru, kanta sumul. Alamarta ita ce akwatin da ke ƙin tashi da sanyin asuba na hunturu, sai an yi ta kunnawa, in ya ɗumama kuma ya yi aiki yini guda kamar ba shi ba. Dalili kuwa turjiyar kafasita mai ruwa tana hawa da sanyi, tana sauka da ɗumi. Mitar da ke auna µF kaɗai tana iya cewa lafiya. Mitar ESR ce ke tona asirinta.

Sauran layukan ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai girma, kauri da tsawo, da tazarar ƙafafu: mai kaurin milimita 8 tazararta 3.5, mai 10 da mai 12.5 tazararsu 5, mai 16 da mai 18 kuma 7.5. Ƙafar da aka tanƙwara da ƙarfi don ta shiga rami tana yage robar baki, ruwa ya sami hanya. Zanen da ke bisa kai, mai kama da X ko K ko Y, ƙofar tsira ce da aka raunana da gangan don ta tsage maimakon gwangwani ya fashe, kuma takarda na neman a bar mata fili na aƙalla milimita 2 a sama. Akwai yoyon wuta, 0.01CV, wanda ga 1000µF 16V ya kama 160µA. Layin da ke gefen gwangwani ƙafar ragi yake nunawa, amma a kafasitar tantalam layin na ƙafar ƙari ne, kuma juya ta na iya tada wuta. Ta fankar sama da ta injin ruwa kuwa wani jinsi ne dabam, na wuta mai kai da komo, mai ruwan nan ba ta shiga gurbinsu ko da lamba ta zo ɗaya.

TAKARDA DA MAI TAKARDA

Takardar bayani alkawari ce, darajarta kuma darajar wanda ya yi alkawarin. Duniya ta ga haka tsakanin 1999 da 2007, lokacin da ake kira annobar kafasita. Allunan kwamfuta masu ɗimbin yawa suka riƙa mutuwa cikin shekara ɗaya ko biyu, kawunan kafasitocinsu a tsage, wani abu ruwan ƙasa yana fita. Mujallar IEEE Spectrum ta ruwaito a 2003 cewa an saci sirrin haɗa ruwan sinadari ne, amma ba a kwafe shi duka ba, aka sayar wa wasu masu ƙera kafasita a Taiwan. A 2004 masu bincike a Jami'ar Maryland ta Amurka suka auna ruwan waɗanda suka lalace, suka tarar babu sinadarin da ke hana shi cin alminiyam. Ruwa ya ci ƙarfe, iskar haidirojin ta taru, gwangwani ya kumbura. Kamfanin Dell shi ma, ta wata hanyar dabam, ya gamu da miyagun kafasitoci a kwamfutocinsa na OptiPlex GX270 da GX280, har a 2005 ya ware kimanin dala miliyan 300 domin gyara. Lambobin da ke jikin waɗannan gwangwanaye duka daidai suke.

Wannan annoba ta wuce, jabu kuwa bai wuce ba. Akan buga sunan babban kamfani a rigar gwangwanin banza, har akan sami ƙaramar kafasita a ɓoye cikin babban gwangwani. A nan ma takarda na taimako. In ta ce wannan dangi, a wannan lamba, girmansa 10 da 20 ne, abin da ke hannu kuma 8 da 12, to ba shi ba ne. In dangin ya tsaya a bolt 100, ga kuma mai 400 da sunansa, an gama magana. Launin riga da zanen kai su ma a gwada su da na takarda. Wadda aka ciro daga tsohon allo kuwa, ko da ta kamfanin kirki ce, ta riga ta ci wani rabo na awoyinta wanda ido ba ya gani. Haka nan wadda ta shekara biyu ko uku a kanti mai zafi, yoyonta yakan ƙaru, shi ya sa kamfanoni ke cewa a ajiye su tsakanin digiri 5 da 35, in sun daɗe kuma a fara ba su wuta a hankali ta cikin rizista kafin a ɗora musu aiki.

In ɗaya ta kumbura a jerin uku ko huɗu 'yan dangi ɗaya, sauran ma zafi ɗaya suka sha, awa ɗaya suka yi, gara a sauya su tare. Kuma kafin hannu ya taɓa allo, babbar kafasitar farko tana iya riƙe bolt 300 da ɗoriya bayan an zare waya daga bango. A sauke ta da rizista ko ƙwan fitila mai zare, a auna da mita a tabbata ta koma sifiri. Haɗa ƙafafunta da sukundireba, kamar yadda wasu yara masu koyo ke yi don su ji ƙara, yana ƙona hanyoyin allo, yana kuma raunana kafasitar da watakila lafiyarta ƙalau.